Batir Mai Shaƙar Iska da Arzikin Ƙasar Nasarawa

Daga nan Lafia nake yi muku magana. Sharhinmu na yau zai leƙa ɗakin gwajin masu ilimin sinadarai, daga can ya fito ya tsaya a bakin injinan casar shinkafa na garin nan. Ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar ta shafi wutar lantarkin da muke nema kullum, ta kuma shafi duwatsun da ake haƙa a jiharmu ana lodawa a manyan motoci.

Duk wanda yake da dattijo a gida mai sa na'urar nan ta taimaka wa ji, ya san ɗan batirin da ake saka mata. Bai kai maɓallin riga girma ba. A bayansa akwai 'yar takarda mai gam, kuma kowace lamba da launinta: rawaya ga lamba 10, ruwan ƙasa ga lamba 312, ruwan lemo ga lamba 13, shuɗiya ga lamba 675. In ka ɓare takardar ka kai batirin kusa da ido, za ka ga wasu 'yan ƙofofi mitsi-mitsi. Masu ƙera shi sukan ce a dakata kamar minti ɗaya bayan an ɓare, kafin a saka shi cikin na'ura. Mutane da yawa sun ɗauka takardar shaida ce kawai ta cewa batirin sabo ne. Aikinta ya fi haka, ita ce ke hana iska shiga. Muddin tana liƙe, batirin zai iya yin shekaru a ajiye bai lalace ba. Da zarar an ɓare ta iska ta samu hanya, ya fara aiki ke nan, kuma daga ranar kwanakinsa ƙidayayyu ne, ko an yi amfani da shi ko an jefa shi cikin aljihu.

Me ke cikinsa? Garin tutiya ne, wato ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, an cuɗa shi da wani ruwan sinadari mai kaifi, dangin ruwan tokar da mata ke haɗa sabulu da shi. Wannan shi ne ɓangare ɗaya. Kowane batir kuwa sai da ɓangare biyu, mai bayar da ƙwayoyin lantarki da mai karɓa. A nan mai karɓar ba a zuba shi cikin gwangwanin ba, yana waje, shi ne iskar oksijin da muke shaƙa, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu. Tunda ba a ɗauko ta a ciki ba, sai kusan dukan gurbin ya zama na tutiya, shi ya sa ɗan ƙaramin abu yake riƙe wuta mai yawa. Tsakanin tutiyar da ƙofofin akwai wani siririn faifai baƙi, na garin gawayi da aka haɗa da sinadarin manganis. Wannan siririn faifai shi ne maganarmu ta yau.

Ga inda gizo ke saƙa. Oksijin tana ci da wuta, tana sa ƙarfe tsatsa, amma in an ce ta zo ta karɓi ƙwayoyin lantarki cikin sanyi da tsari, sai ta yi nawa. Ƙwayarta tagwaye ce, biyu ne manne da juna da ƙarfi. Kafin ta zama ruwa sai an raba tagwayen, an miƙa musu ƙwayoyin lantarki huɗu ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mataki da nasa tarnaƙi. In babu mai shiga tsakani, aikin zai yi jinkirin da ko ƙwan fitila ɗaya ba zai kunna ba. Mai shiga tsakanin nan shi masana ke kira katalis, sinadarin da ke hanzarta haɗuwar abubuwa ba tare da shi ya ƙare ba.

Wanda ya saba shiga kasuwar doya ko ta dabbobi ya san aikin dillali. Ga mai kaya, ga mai kuɗi, kowa yana son ciniki, amma an tsaya ana kallon juna. Dillali ya kama hannun wannan, ya kama na wancan, ya ja su gefe, kafin ka ce me an sallama, shi kuma ya juya ya tari wasu. Dillali nagari dole ya iya riƙe mai saye har ciniki ya faɗa, dole kuma ya san lokacin sakinsa. In riƙonsa sako-sako ne, mutum zai zame ya tafi ba a yi komai ba. In kuma ya cika naci, ya riƙe mutum ɗaya tun safe har la'asar, to sauran masu ciniki sun yi asara. Haka lamarin yake a kan fuskar katalis. Wani masani ɗan Faransa, Paul Sabatier, wanda ya samu kyautar Nobel a 1912, shi ya fara bayyana wannan ƙa'ida ta riƙo tsaka-tsaki. A 2004 kuma Jens Nørskov ɗan ƙasar Denmak da abokan aikinsa suka lissafa ta da kwamfuta a kan oksijin. Baƙin ƙarfe tsurarsa ya cika riƙo, zinariya ba ta iya riƙo ba, filatinam ne ya fi kusa da daidai, shi ma riƙonsa ya ɗan yi yawa kaɗan. Kuma ko da dillali mafi ƙwarewa akwai la'ada. A lissafi, haɗuwar haidirojin da oksijin ya kamata ta ba da bolt 1.23, amma a aikace abin da ake samu bai wuce 0.6 zuwa 0.7 ba. Mafi yawan abin da ya ɓace a ɓangaren oksijin yake ɓacewa, ya tashi a zafi. Batirin tutiya da iska ma haka: lissafi ya ce 1.65, in yana aiki da ƙyar ya wuce 1.3.

Na ambaci haidirojin, to bari in kawo ɗan'uwan batirin kunne, wanda ya fi shi suna a duniya. Shi wannan ba a cajinsa, ba ya kuma mutuwa muddin ana shayar da shi. Ana tura masa iskar haidirojin ta gefe ɗaya, iskar Allah ta ɗaya gefen, yana fitar da lantarki da ruwa tsabtatacce, babu hayaƙi babu ƙara. Ba sabon abu ba ne. Wani lauya ɗan Birtaniya, William Grove, ya gwada shi tun 1839 da sandunan filatinam. Kafinsa ma, a 1823, Döbereiner a garin Jena na Jamus ya gano cewa in aka hura haidirojin a kan garin filatinam sai ta kama da wuta da kanta, har ya ƙera abin kunna wuta da wannan dabara. Lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, irin wannan batir ne ya ba kumbon Apollo wuta, ruwan da yake fitarwa kuma shi 'yan sama jannatin suka riƙa sha. A ƙarshen 2014 kamfanin Toyota ya fito da motarsa Mirai, wadda da shi take tafiya.

To me ya hana shi cika duniya? Dalilai da dama ne, amma babba daga cikinsu tsadar filatinam. Abin da ake haƙowa na filatinam a duniya baki ɗaya a shekara bai kai tan 200 ba, alhali zinariya ana haƙo fiye da tan 3,000. Kimanin kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga yankin duwatsun Bushveld, sauran kuma galibi daga Rasha da Zimbabuwe. Kuma ba da sauƙi yake fitowa ba. A Marikana, ranar 16 ga Agusta 2012, 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar filatinam 34 da ke yajin aikin neman ƙarin albashi. Duk lokacin da aka yi zancen makamashi mai tsabta, ni ina ganin wajibi ne a tuna da waɗannan bayin Allah, domin tsabtar hayaƙi ba ta wanke abin da ake yi a bakin rami.

Saboda tsadar, masana suka bi hanya biyu. Ta farko ita ce tsimi. Ana niƙa filatinam ya zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda in ka jera dubu goma ba su kai kaurin silin gashi ba, a barbaza su a kan garin gawayi don kowace ƙwaya ta samu aiki. Ana kuma gauraya shi da nikel ko kobal don a sassauta riƙon nan nasa. A 2007 wasu masana a Amurka, Stamenkovic da Markovic da abokan aikinsu, suka nuna cewa wata fuska ta gaurayen filatinam da nikel ta ninka katalis ɗin da ake sayarwa a lokacin sau 90. Motar Mirai ma gaurayen filatinam da kobal take ɗauke da shi. Wannan hanya ta masu hannu da shuni ce, kuma ba ita ta dame ni ba.

Hanya ta biyu ita ce a rabu da filatinam gaba ɗaya, kuma a nan ne nake so ku ƙara kasa kunne. Wannan aiki da ya gagari masana, yanzu haka yana gudana a cikin jikin duk mai saurarona. Numfashin da ka ja, jini ya ɗauki oksijin ɗin ya kai ta kowane saƙo na jiki, can cikin ƙwayoyin halitta akwai wani sinadari da ke karɓarta, ya miƙa mata ƙwayoyin lantarki huɗun nan, ya mayar da ita ruwa. Da wannan kake samun ƙarfin tafiya da magana. Kuma Ubangiji bai sa ko ƙwayar filatinam ɗaya a jikin ɗan Adam don wannan aiki ba. Baƙin ƙarfe ne da jan ƙarfe, an dasa su a tsakiyar wani tsari na naitirojin da kabon. Otto Warburg ɗan Jamus ya samu kyautar Nobel a 1931 saboda binciken wannan sinadari na numfashi. Masana suka ce to tunda ga misali a jikinmu, mu kwaikwaya.

A 1964 Raymond Jasinski ya nuna cewa wani sinadarin rini mai ɗauke da kobal a tsakiyar naitirojin huɗu yana iya aikin, sai dai ba ya daɗewa. Daga baya aka gano cewa in an gasa irin waɗannan sinadarai da gawayi a tanderu mai zafin digiri 700 zuwa 1,000, inda aka hana iska shiga, sai su ƙara ƙarfi da juriya. An kwashe shekaru ana lalube. A 2009 ayarin Jean-Pol Dodelet a lardin Kubek na Kanada suka fito da katalis na baƙin ƙarfe da naitirojin da kabon wanda ya doshi filatinam a ƙwazo. A wannan shekarar kuma ayarin Liming Dai a Amurka suka nuna cewa kabon da aka cusa wa naitirojin, ko babu ƙarfe, yana aiki sosai a cikin ruwan sinadari irin na batirin kunne. A 2011 ayarin Piotr Zelenay a cibiyar Los Alamos suka haɗa nasu da baƙin ƙarfe da kobal, ya yi awa 700 yana aiki.

Ku lura da kayan haɗin: baƙin ƙarfe, naitirojin, gawayi, manganis, tutiya. Wanne ne baƙo a wurinmu? Baƙin ƙarfe ga tamarsa jibge a Itakpe ta jihar Kogi, maƙwabciyarmu. Naitirojin shi ne kashi 46 cikin 100 na takin yuriya da manomanmu ke zubawa a gonar masara, kuma a ƙasar nan ake yin sa, a Eleme kusa da Fatakwal da kuma Lekki a Legas. Tutiya da dalma suna kwance a ƙarƙashin kwarin Binuwai, ana haƙarsu a yankin Awe na jihar nan. Gawayi kuwa, je ka wajen injinan casar shinkafa na Lafia ka gani da idonka. Buntu ne tsibi-tsibi, wani ya fi tsayin mutum, gefe yana ci da wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi yana bin gidajen mutane, masu aiki sun ɗaure fuska da ƙyalle, toka fara tana sauka a kan wankin da aka shanya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin kowane buhun shanshera buntu ne. Wannan buntun, in an gasa shi ba tare da iska ba, yana zama gawayi. A cikinsa akwai sinadarin yashi mai yawa, kuma in an wanke yashin da ruwan soda sai ya bar ƙofofi birjik a jikin gawayin. Irin wannan gawayi mai ƙofofi shi ake nema, domin ta nan iska ke ratsawa ta isa inda ƙarfen yake. Masana a ƙasashe da dama sun gwada buntun shinkafa, sun gwada ɓawon gyaɗa, har jinin dabbobi sun gwada, saboda jini yana zuwa da baƙin ƙarfensa da naitirojin ɗinsa a haɗe.

Amma kada in bar ku da zaton an gama. Ba a gama ba, kuma duk wanda ya ce muku gobe za a mayar da buntu batir a kunna gari, ya yi muku ƙarin gishiri. Babbar matsalar katalis na baƙin ƙarfe ita ce rashin juriya, musamman a cikin batirin haidirojin irin na mota, wanda cikinsa tsami ne. A can ƙarfen yana narkewa a hankali. Wani lokaci kuma oksijin ba ta karɓar ƙwayoyi huɗun cif, sai ta tsaya a biyu, ta zama sinadarin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, shi kuma ya juyo ya cinye katalis ɗin da ya haife shi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa wa batirin ƙaramar mota burin awa 5,000 zuwa 8,000, na babbar mota kuma awa 25,000 zuwa sama. Ku auna wannan da awa 700. Shi ya sa har yau motocin haidirojin da ke kan titi filatinam suke amfani da shi.

Batirin tutiya mai caji ma da nasa ciwon kai. In za a yi masa caji, dole aikin ya juya, oksijin ɗin da ya shaƙa ya fitar da ita, kuma samun katalis ɗaya da ya iya shiga da fita ba abu ne mai sauƙi ba. Za ka cika shi da kusan bolt 2, ya mayar maka da kimanin 1.2, wato kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ta salwanta, alhali batirin litiyam yana mayar da kashi 90 ko fiye. Tutiyar kuma in tana komawa mazauninta takan yi tsiro mai tsini har ta huda abin da ya raba ɓangarorin biyu. Iskar da muke fitarwa daga huhu, wadda hayaƙin itace da na janareta ke ƙara yawanta, ita ma in ta shiga tana daskarar da ruwan sinadarin ya toshe ƙofofi.

Duk da haka hukuncina shi ne, in dai akwai ƙofar da za mu iya shiga, to ta wannan ɓangaren ce, ta batiran ƙarfe da iska. Dalilina, ruwan sinadarin da ke cikinsu ba mai tsami ba ne, kuma a irin wannan ruwa manganis da baƙin ƙarfe da gawayi suna jurewa, suna kuma yin aikin da ba ya jin kunyar filatinam. Injiniya Francis Bacon na Ingila, wanda a kan aikinsa aka gina batirin Apollo, da nikel ya yi nasa, ya kauce wa ƙarafa masu tsada. Motar haidirojin kuwa ba ita ce buƙatarmu ta yau ba, ba mu da gidajen sayar da haidirojin, ba mu da bututunsa. Buƙatarmu ita ce wutar da faifan sola ya tara da rana ta kai mu asuba, ta kuma kai mu ƙarshen kwana ukun marka da rana ba ta fitowa. A wannan fage nauyin batir ba matsala ba ne, tunda a ƙasa zai zauna. Araha ake nema, da rashin kama wuta, da kayan da za a iya samu a gida. Wani kamfanin Amurka mai suna Form Energy ya gina masana'anta a garin Weirton na jihar West Bajiniya, yana ƙera batirin baƙin ƙarfe da iska mai ba da wuta awa 100 a jere. Dabararsa ita ce ƙarfe ya yi tsatsa ya ba da wuta, in an yi caji tsatsar ta koma ƙarfe.

Mun ga yadda tashar rarraba wuta ta Akurba, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Fabrairun 2022, ta sauya al'amura a cikin Lafia. Amma waya ba ta kai ko'ina ba. Akwai ƙauyuka a Doma da Awe da Keana da Obi inda asibitin sha-ka-tafi yake buƙatar firij na ajiye allurar rigakafi, inda ungozoma take karɓar haihuwa da hasken waya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya fi ƙarfin mai walda da mai aski da mai niƙa. Kowa ya koma neman sola, kuma duk wanda ya je sayen sola ya san faifan ba shi ne abin tsoro ba, batir ne ke cinye kuɗin, shi ne kuma yake fara mutuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Jiharmu ana yi mata kirari da gidan ma'adinai, kuma gaskiya ne. A watan Mayu 2024 aka buɗe masana'antar tace litiyam ta kamfanin Avatar a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 na dutse a kowace rana. Abin farin ciki ne, ya fi a kwashi dutse ɗanye a fita da shi. Amma mu da aka cire daga jihar Filato a 1996 ba ma buƙatar wani ya ba mu labarin kuza. An haƙe ta shekaru aru-aru a Jos da Bukuru, an haƙe ta a Udege a cikin jihar nan, jirgin ƙasa ya kwashe, abin da ya rage wa mutanen wurin shi ne kududdufai masu cin yara da dabbobi. Dutse yana ƙarewa. Kuma garin litiyam da aka tace, in ya bar nan, sai ya bi ta hannun masu ilimin sinadarai a wata ƙasa, ya dawo mana a cikin waya da inbata da tsadar da ta ninka abin da aka biya mu sau da yawa. Ribar tana wajen wanda ya san yadda ake tsara ƙwayoyin, kuma shi wannan sanin ba a haƙo shi daga rami.

Afirka ta Kudu ta fahimci haka. A 2008 gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin HySA, ta ɗora wa Jami'ar Cape Town da cibiyar binciken ma'adinai ta Mintek alhakin koyon haɗa katalis, don kada ƙasar ta tsaya a sayar da filatinam ɗanye. Su ƙarfen mai tsada suke da shi, suka bi ta kansa. Mu masu araha muke da su, kuma duniya yanzu masu arahar take nema.

Akwai kuma wani aiki da babu mai yi mana shi. Batir mai shaƙar iska yana shaƙar iskar inda yake zaune ne. Wanda aka gwada a ɗaki mai sanyi a Kanada ko Japan bai taɓa haɗuwa da hunturunmu ba, lokacin da ƙura ke shiga har cikin akwati, iska ta bushe har leɓe ya tsage. Busasshiyar iska tana tsotse ruwan batirin. Bai kuma haɗu da zafin Maris na Lafia ba, ko laimar Agusta, wadda ke sa batirin ya sha ruwa har ƙofofinsa su cika. Wane irin gawayi ne zai jure wannan juyi? Wace irin matata za a sa a bakin ƙofa ta tare ƙura ba ta tare iska ba? Amsar waɗannan tambayoyi a nan take, kuma wanda ya samo ta yana da abin sayarwa daga Lafia har Maraɗi da Agadas.

Saboda haka kirana na farko ga Mai girma Gwamna, Injiniya Abdullahi Sule, wanda a matsayinsa na injiniya bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfanonin haƙa su ƙulla yarjejeniyar raya al'ummar da suke aiki a cikinta. Rijiyar burtsatse da ajujuwa suna da kyau, a ci gaba da yi. Amma a zauna da waɗannan kamfanoni a nemi su ɗauki nauyin ɗakin gwajin batir guda ɗaya ingantacce a jihar nan, ko a Jami'ar Tarayya ta Lafia, ko a Jami'ar Jiha da ke Keffi, wanda ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha na Lafia da Nasarawa ma za su riƙa shiga. Abin da ake buƙata don farawa bai fi ƙarfin jiha ba: tanderun da zai kai digiri 1,000, na'urar auna ƙwazon katalis, tukwanen iskar gwaji, wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da aka horar aka kuma biya shi don kada kayan su zama na ado. Asusun TETFund ma yana da kason bincike, malamanmu su nema da wannan manufa.

Kira na biyu ga malaman jami'a, cikin girmamawa. Wannan fage ya cika da rahotannin da ke cewa an samu abin da ya fi filatinam, alhali gwajin awa kaɗan aka yi a cikin kofin gilashi. Kada mu ƙara yawansu. A haɗa batir na gaske, a ajiye shi a ƙauye ya ga hunturu ya ga damina, a rubuta ranar da ya fara rauni da abin da ya kashe shi. Wannan rahoton ya fi amfani ga mai gyaran sola da ke kan hanyar Makurɗi fiye da takarda goma da aka rubuta don neman ƙarin girma.

Na ƙarshe gare ku iyaye, da ku 'yan makarantar sakandare da ke saurare. Yaro in ya ce zai karanta ilimin sinadarai, kada a karya masa gwiwa da cewa wanda ya rasa gurbin likita ne ke zuwa can. Ku ƙarfafa shi, mace ce ko namiji. Kamfanonin da ke shigowa jihar nan za su buƙaci masu wannan ilimi, kuma in ba mu tanade su ba, daga waje za a kawo su, 'ya'yanmu su tsaya a gadi da dako. Ku tambayi ɗan majalisar mazaɓarku abin da ke cikin yarjejeniyar da aka ƙulla da masu haƙa a yankinku, ku kuma nemi a sa ilimi a ciki.

A nan zan dasa aya.